Amsa ga Amarya kan rigar zaren lilin

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Amarya, na saurari muryarki har sau biyu. Kin ce kina da tsarin rigar nan mai gajeren hannu da aka rubuta don ulu, kina so ki saƙa ta da zaren lilin da aka kawo miki tsaraba saboda zafin bazara, wai ki rage lambar kibiya ko ki bar ta yadda take. To ni abin da na ji a muryarki, tsoro kike kar zare mai tsada ya tafi a banza, ki gama riga ta ƙi sawuwa. Shi zan amsa miki.

Kin ga ulu, har wannan na roba da muke saya a kasuwa muna ce masa ulu, in kin ja shi komawa yake. Lilin kuwa daga bawon karan wata shuka ake fitar da shi, kamar dai yadda ake sale rama a tufka igiya, mafi yawan mai kyaun ma daga arewacin Faransa da Beljiyam yake zuwa. Kin taɓa ganin igiyar rama ta miƙe ta koma? To haka yake. A kan kibiya za ki ji shi ƙiƙam, idanun saƙar wani babba wani ƙarami, kar ki warware, wanki ne ke daidaita su. Yana shan ruwa ya yi laushi ya saki jiki, kuma ƙasa yake zuba.

Saboda haka kar ki ɗora rigar tukuna. Saƙa ɗan gwaji, santimita 15 ko 20 kowane gefe. Ki wanke shi wanki na gaske, da sabulu da cuɗawa, in ya bushe ki rataye shi kwana ɗaya da abin maƙale shanya guda uku a ƙasansa don ya ji nauyi. Sannan ki auna. A ce takardar ta ce ido 22 a santimita 10, ƙirji santimita 100, kin ga ido 220 ke nan zagaye. Naki gwajin bayan wanki ya ba ki 20. To sai ki ƙara... a'a, tsaya, na juya lissafin. Ragewa za ki yi. In kin bar 220 rigar za ta fito 110, ke 200 kike bukata. Tsawo ma haka, ki auna gwajin kafin wanki da bayan rataya, abin da ya ƙaru shi zai gaya miki layi nawa za ki cire.

Bakin ƙasan nan kuma na biyu gaba biyu baya, mai kama ƙugu, a lilin ba ya kama komai, buɗewa yake ya yi lami. Ki mayar da shi baki miƙaƙƙe, layi huɗu ko shida ya isa.

Amma kafin komai, kin tabbata lilin ne? Don ni an taɓa yi min. Wata mai sayar da zare a intanet, ba zan kama suna ba, ta rantse min lilin ne zalla, na tura kuɗin ƙulli takwas har da na mota. Na kwashe sati biyar ina saƙa wa ƙanwata rigar fitar suna. Ranar ta saka, kafin azahar ta cire, ta ce kamar an naɗe ta a leda. Na tsinki zaren na kai shi bakin ashana, sai ya narke ya dunƙule baƙi ƙirin, yana warin roba. Lilin na gaske ci yake kamar takarda, warinsa ma na takarda, tokarsa ki murza ta watse. Na kira matar, wai ita ma haka aka sayar mata. To in haka ne me ya kawo rantsuwa? Sati biyar fa! Ba kuɗin ne ya fi min ciwo ba wallahi, kunyar da na ji gaban yarinyar nan ce, har yau in na tuna raina sai ya ɓaci. Daga baya ma ta toshe lambata. Allah ya isa dai ban ce ba, amma...

To, bar wannan. Kibiya. E, yawanci akan rage rabin lamba ko ɗaya, amma gwajin ne zai yanke. Ki nemi ta gora ko ta katako, a ta ƙarfe zamewa yake. Ki riƙa hutawa, yana gajiyar da yatsu.

Au, na manta kafaɗa. Ko takardar ta ce a saƙa a zagaye ba ɗinki, ni dai gaba daban baya daban nake yi in haɗa, ɗinkin gefe da na kafaɗa su ke riƙe nauyin, su hana ta karkacewa. Wuyan ma ki tsuke shi fiye da yadda aka rubuta. In za ki haɗa sabon zare ki kai shi gefe, ki bar jela mai tsawo, don zare kansa yake.

Ɗauko min hoton takardar jikin ƙullin, mita nake son gani ba giram ba, in duba ko zai ishe ki. Ana kiran magariba, sai na dawo.