Bakancen azumin da aka yi a hannun ƴan bindiga

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni mutumin wani ƙauye ne a yankin Madarunfa, yanzu muna zaune wajen yayana a unguwar Zariya cikin Maradi. Ƴan bindiga sun ɗauke matata da goyonta, suka yi kwana 23 a daji kafin Allah ya kuɓutar da su, yau wata biyu ke nan. Tana can ta yi bakance da bakinta cewa in ta koma gida za ta yi azumin kwana 60. Ta yi 17 a jere. In an kira magariba sai ta ci dabino guda, ta kurɓi ruwa, ta ce ta ƙoshi, ga yaro ɗan wata 7 yana shan nono. Ba ta barci, kuma da ta ji ƙarar babur, ko na ɗan kabu-kabu ne, sai ta zabura ta shige ƙuryar ɗaki. Wani malami ya ce in ta yanke azumin ta karya alkawarin Allah, kuma tsoron nan raunin imani ne, kada mu kai ta likita, mu nemo sha'ir mu yi mata talbina, wato kunun garin sha'ir. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannunku, Allah ya ba ta lafiya, ya mayar muku da alheri.

Tunda ta furta da baki, bakancen ya hau kanta, wannan ba abin jayayya ba ne. Sai dai na sake bin tambayarka ina neman abu biyu ban same su ba: ba ta ambaci wata kaza ba, ba ta kuma ce "a jere" ba. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi bakancen kwanaki bai ayyana lokacinsu ba, bashi ne mai yalwar lokaci, kuma jerantawa ba ta zama dole sai in ya yi niyyarta. Ka tambaye ta a hankali. Ko da ma ta yi niyyar, rashin lafiya uzuri ne. Don haka 17 ɗin nan sun shiga lissafi, saura 43, kuma ta dakata daga gobe. Mai shayarwar da ta ji wa ɗanta tsoro an yarje mata ta sha azumin Ramadan kansa, balle wannan. In ta murmure sai ta ci gaba, ko Litinin da Alhamis ne, ta fi zaɓar lokacin sanyi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dabino gudan nan. Mai azumi lafiyayye tun la'asar idonsa na kan ƙwaryar fura. Wadda magariba ta yi ba ta jin yunwa, cin abincin ne ya fita ranta, azumin ya zamo mata mayafi kawai don kada a dame ta da "ki ci". Kada ka ɗauka in ta aje azumin gobe shi ke nan za ta buɗe ciki.

Maganar raunin imani kuwa, ban yarda da ita ba ko kaɗan, kuma ba wannan ne karo na farko da na ji ta ba tun da aka fara kawo mana mutanenmu na bakin iyaka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauko daga kogon Hira zuciyarsa tana bugawa yana cewa a lulluɓe shi. Nana Khadija ta lulluɓe shi har firgicin ya tafi, ta faɗa masa maganar da ta kwantar masa da hankali, sannan ta kai shi wurin Waraƙa ɗan Naufal, wanda ya san kan abin. Ba ta ce masa ina tawakkalinka ba. Annabi Yaƙub a aya ta 83 ta Suratu Yusuf ya ce haƙuri mai kyau zai yi, a aya ta 84 aka ce idanunsa sun yi fari don baƙin ciki. Allah ya jera su kusa da juna, bai ƙirga na biyun a matsayin rushe na farkon ba.

Hadisin talbinar da malamin ya kawo ma hujja ce a kansa. Yana cikin Bukhari da Muslim: in an yi rasuwa a dangin Nana A'isha, mata suka watse aka bar ƴan gida, takan sa a dafa talbina, ta ce su ci, don ta ji Annabi yana cewa tana hutar da zuciyar marar lafiya, tana tafiyar da sashen baƙin ciki. Da baƙin ciki raunin imani ne, ai da tuba za a umurce su, ba kunu za a dama musu ba. Sannan ka lura da lafazin, "bi ba'adil huzni", wato wani sashe. Annabi bai ce duka ba. To sauran fa? A ina hadisin ya hana a nema masa magani? Macen da ta yi mako uku tana jin babura suna zuwa ba ta san ko yau ne ƙarshenta ba, jikinta ne ya riƙe ƙarar, yakan zabura tun kafin tunaninta ya iso. Wanda ya ce mata imaninta ne da rauni ya ɗora mata kaya na biyu, har ta fara zargin kanta a gaban Ubangijinta. Ina ma zaton wannan zargin na cikin abin da ke sa ta matsa wa kanta da azumi.

Ku kai ta likita. Firgicin da ya haura wata guda yana hana barci da ci, ciwo ne da lokotoro suka sani, kuma galibin maganinsa zama ne da wanda ya koyi aikin sauraro, wani lokaci a haɗa da ƙwaya. Ku fara da likitar unguwa, a duba jininta, a yi wa yaron awo, ku faɗa musu tana shayarwa, su za su tura ku gaba. Ruƙiyya da Alƙur'ani da azkar halal ce, a yi mata a natse, ban da tsawa, ban da duka, ban da turnuƙe ta da hayaƙi. Ƙwayoyin barci na ƴan talla kada su shigo gidan. In ka ji ta fara cewa gara ta mutu, ko ta daina kula yaron, kada ku kwana ba ku je ba.

A zamanin Annabi sha'ir abincin yau da kullum ne a Madina, kamar gero a wurinmu. In an same shi, madalla. In babu, kada ka ci bashi a kansa bayan abin da kuka riga kuka sha. Ban ce kunun gero shi ne talbinar hadisi ba, amma abinci mai ruwa-ruwa, mai ɗumi, mai sauƙin haɗiya, wanda ciki ya saba da shi, muna da shi: kunun gyaɗa, fura da nono mai kyau, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wake, dafaffen ƙwai, ƴar hanta in hali ya yi. A ba ta kaɗan-kaɗan sau da yawa, ko ludayi uku ne, kada a cika mata akushi ya ba ta tsoro. In za a sa zuma a kununta, kada a lasa wa yaron sai ya cika shekara. Shayi mai ƙarfi da dare a rage. Kuma kada ta ci ita kaɗai. Matar yayanka ta zauna su sa hannu a ƙwarya ɗaya, ko da ba a ce komai ba.

Kai kuma ɗan'uwa, ga abin da ba ka tambaya ba. Kada ka tsare ta da "me suka yi miki a daji". In ta so faɗa, ka saurara har ta kai aya, in ba ta so ba, ka ƙyale. Duk abin da aka tilasta ta a kansa ba ta da zunubinsa, kuma ba ya taɓa aurenku. Masu zuwa jaje suna neman labari, ka tare su a zaure. Maganar dakatar da azumin ma kada ka kai mata ita da ikon miji. Ka karanta mata wannan amsa, ka ce kwana 43 ɗinta suna nan suna jiran ta, ku rubuta adadin a takarda ta aje da hannunta.

Wallahu a'alam.