Tambaya da Amsa: Tsohon Gidan Casa a Bakin Gulbi

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Akwai wani tsohon gidan casar shinkafa kusa da gulbi a nan Argungu, an daɗe da rufe shi, sai jemagu da 'yan shaye-shaye. Mu matasan unguwa muna son a maida shi wurin haya da gyaran kekuna da ɗan lambun shan iska. Ta ina za mu fara? (Daga wani matashi, Argungu)

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, wallahi shawarar nan ta yi min daɗi. Amma kafin ku taɓa ko da bulo ɗaya ku gano mai wurin, domin dokar filaye ta 1978 ta danƙa filin birni a hannun gwamna, in gwamnati ce ku rubuta takarda, in ɗan kasuwa ne a yi yarjejeniyar haya a rubuce da shaidu, kar ku gama gyara wani ya fito da satifiket.

Sai injiniya ya duba ginshiƙai da rufi, in rufin asbestos ne kar yara su fasa shi, ƙurarsa na lalata huhu.

Abin da ya fi damuna ruwa ne. Kun ga yadda ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi, to ku tambayi masunta inda ruwa ke kaiwa a watan Satumba, ku ɗaga hanyar keke da jan marmara sama da nan, kayan gyara a rataye su a bango, ku dasa dogon yaro da giginya a gefen hanya. Lokacin bikin kamun kifi a Matan Fada baƙi za su so keken haya, kuɗin mai gadi ma daga nan zai fito.