Amsar tambayarka kan ɗaure ɗan ƙwaya

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka tambaye ni ko tun kaka da kakanni ake ɗaure wanda aka kama da ƙwaya a aljihu, ganin wasu ƙasashe sun daina. A'a, abin bai kai tsufan da kake zato ba. A 1898 kamfanin Bayer na Jamus ya fito da hiroyin, wata ƙwaya mai bugarwa, kasuwa da sunan maganin tari. Sai a 1912 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar farko ta taƙaita cinikin irin waɗannan ƙwayoyi a birnin Heg na ƙasar Holan, ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 kuma ta ɗaure abin tamau. Shekara goma bayan nan Shugaba Nixon na Amurka ya kira shaye-shaye babban abokin gabar ƙasarsa, kurkuku suka yi ta cika.

Amma kada ka ɗauka daina ɗauri halattawa ne, a nan samari ke ruɗewa. A Fotugal, tun 2001, wanda aka kama da abin da bai wuce na shan kwana goma ba ba a kai shi gaban alƙali, amma ana ƙwace kayan, a tura shi gaban wani kwamiti mai masanin shari'a da ma'aikatan lafiya ko na jin daɗin jama'a. Su ji ta bakinsa, su nuna masa hanyar magani, wani lokaci su ci shi tara. Dillali kuwa gidan yari na nan yana jiransa. Kamuwa da cutar ƙanjamau ta hanyar allura ta ragu ƙwarai, domin mashayi ya daina gudun asibiti.

Jihar Oregon ta Amurka ta so kwaikwayo a 2020, sai ta yi gini ba tushe. Aka ce maimakon ɗauri, wanda aka kama zai biya tarar dala 100 ko ya kira wata lambar waya ta neman magani, kaɗan ne suka kira, kuɗin magani ya yi jinkirin isa, ga fentanil, wata ƙwaya da ta fi hiroyin ƙarfi, ya cika titi. A 2024 suka maido da hukunci. Ni dai a ganina sun ajiye sanda ne tun kafin likita ya iso.

Batun Yurugwai a 2013 da Kanada a 2018, da suka halatta sayar da wiwi ƙarƙashin sa idon hukuma, wannan wata magana ce daban, kuma har yau zuciyata ba ta kwanta da ita ba. Sai ka zo mu yi ta baki da baki. Ka gaishe min da mahaifiyarka.