Gado da cutar lupus a tsakanin mutanen Asiya

'Yar'uwa, kin tambaya ko gado ne ya jawo wa ƙawarki 'yar ƙasar Sin cutar lupus, wadda a cikinta garkuwar jiki ke kai wa jikin kansa hari. Gado na da hannu, amma ƙwayoyin halitta da yawa ne ke haɗuwa. Binciken da aka yi kan 'yan ƙabilar Han, mafi rinjaye a Sin, a 2009 ya gano ƙwayar halitta mai suna ETS1 cikin masu ƙara haɗarin. Shi kuwa nau'in ƙwayar halittar PTPN22 da ke ƙara haɗarin ga Turawa, da ƙyar ake samunsa a Gabashin Asiya.

Ni ƙoda ce ta fi damuna, don cutar ta fi taɓa ƙodar mutanen Asiya fiye da ta Turawa. In ƙawar taki ta ga kumfa a fitsari ko ƙafafunta sun kumbura, ta hanzarta zuwa asibiti. Allah ya ba ta lafiya.