Reshen ɗan dambe da ka rubuta wa Monk, ga abin da na gani

Toh ƙanena, na karanta takardar da ka turo. Ka ce kana so ka yi wa Monk na Dungeons & Dragons sabon reshe na ɗan damben gargajiya (Monk shi ne jarumin da ya ƙware a faɗa da hannu a wannan wasan tebur, reshe kuma salon da yake zaɓa ya bi), a mataki na 3 ya kashe ki biyu (ki su ne makin ƙarfin da Monk yake biyan dabarunsa da su) ya ƙara 2d8 (ɗan lido biyu masu fuska takwas) a kan naushi, a na 6 kariyarsa ta ƙaru da maki biyu har abada, a na 11 ya sumar da abokin faɗa ba tare da an ba shi jifar tsira ba (wato damar jefa ɗan lido ya kuɓuta), a na 17 kuma naushi ɗaya mutuwa. Tambayarka ita ce, "Oga, bai yi ƙarfi da yawa ba?"

Na manyan matakan sun yi ƙarfi kam, amma ba shi ne ya fi damuna ba. Abin da ya dame ni shi ne in na goge sunan dambe daga saman takardar nan babu wanda zai gane dambe ne, lambobi ne kawai aka tara wa mutum.

Mu fara da lissafi tunda shi ba ya son kai. A dokokin 2014 Monk yana da ki daidai da matakinsa, wato a mataki na 3 uku ne kacal, kuma ba sa dawowa sai an yi hutu, ko da gajere ne na awa guda, wanda ka sani ba kullum mai jan wasa, wato mai ba da labari da yanke hukunci a tebur, yake bari a samu ba. Naushinsa d4 ne a lokacin, in zafin namansa +3 ne matsakaicin duka ɗaya 5.5 kenan. Ki ɗaya a Flurry of Blows, dabarar sakin naushi biyu a jere, yana sayo masa ƙarin naushi ɗaya a kan wanda dama yake samu kyauta, ki biyu naushi biyu, 11 kenan, naka 2d8 ɗin kuma matsakaicinsa 9, in ka cire waɗanda za su kuskure kusan kunnen doki ne. Kaga ba ka ba shi sabon abu ba, ka dai buɗe masa wata ƙofar da kuɗin aljihunsa za su bi su fita, ya yi sau ɗaya saura ki ɗaya a hannunsa, sauran faɗan sai kallo. Kuma da ya kai mataki na 5 Stunning Strike ta shigo, ki ɗaya ta sumar da dodo in ya kasa jifar tsira, wallahi ba wanda zai ƙara waiwayar 2d8 ɗinka. Wannan ciwon ne mutane suka daɗe suna kuka da shi a Four Elements, ɗaya daga cikin rassan Monk na littafi, komai sai ka biya. Dubi reshen Open Hand kuwa, shi ya ɗora nasa ne a kan Flurry ɗin da dama za ka yi, in ta samu mutum ka zaɓa ko ka kayar da shi, ko ka tura shi baya ƙafa 15, ko ka hana shi martani, wato motsin da ake yi ko ba lokacinka ba ne, ba ƙarin ko sisi.

Yanzu ajiye littafi ka tuna gidan dambe. Hannu ɗaya an naɗe shi da zare shi ne mashi, ɗayan a buɗe a gaba shi ne garkuwa, da shi ake auna tazara ana ture fuskar abokin karawa ana rufe masa ido, su yi ta zagaya juna kowa na jira ɗan'uwansa ya yi sake, wani lokaci a ƙare turmi guda ba a kai wani duka na kirki ba, sannan kwatsam hannu ɗaya ya tashi daga baya. Turmi uku ne, in hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa. Dambe ba ruwan naushi ba ne, jira ne da duka ɗaya mai nauyi, shi kuma Monk an gina shi a kan ƙananan duka masu yawa, toh aikinka duka yana tsakanin waɗannan biyun.

Ga yadda ni zan yi mataki na 3. Sharaɗi, hannuwansa biyu ba makami. A farkon kowane juyinsa, wato in layi ya zo kansa a faɗa, ya zaɓa, mashi ko garkuwa. In mashi ne, sau ɗaya a juyin ya ƙara ɗan lidon naushinsa guda a kan duka ɗaya da ya samu. In garkuwa ce, ya yi amfani da martaninsa ya rage dukan da aka kai masa kusa da kusa, da ɗan lidon naushi haɗe da makin hikimarsa. Ba ki ko ɗaya. Kar ka ji tsoron kyautar, Monk na gama-gari yana riƙe sanda da hannu biyu ya samu d8+3, 7.5 kenan, naka ya bar sanda ya dawo 5.5, ƙarin d4 ya kai shi 8, rabin maki ne tsakani. Amma duba abin da ya samu, duk juyi sai ya tsaya ya kalli fili ya yi tunani, jinina ya yi ƙasa ne in kare, ko dodon nan saura kaɗan in saki hannu. Kuma martani ɗaya ne a zagaye, in ya kashe shi a garkuwa ba zai cafke kibiya da Deflect Missiles ba, ba zai doki mai gudu ba, wannan ma farashi ne ko da ba a rubuta shi ba.

Kisan sai ka ɗaure shi a jikin mashi. In ya yi Flurry a juyin da ya zaɓi mashi kuma dukan ya samu, abokin faɗa ya jefa tsira ta ƙarfin jiki ko ya faɗi ƙasa, lambar da zai tsallake ita ce wadda Monk yake da ita dama, 8 da makin ƙwarewa da na hikima, kar ka ƙirƙiro wata. A nan fa sai ka yi hattara don faɗuwa tana da jela. Wanda ya faɗi, na kusa da shi suna jefa d20 biyu su ɗauki babba, amma maharbin ƙungiyarku da ke nesa ƙarami zai ɗauka, zai yi ta hararar ɗan dambenka. In akwai wani ƙato a ƙungiyar da ya riƙe wanda ya faɗi, tafiyarsa ta zama sifiri ba zai iya tashi ba. Mai tashi sama kuma in aka kayar da shi faɗowa yake sai in sihiri ne ke riƙe da shi ko kuma yana iya tsayawa cak a sama. Ni dai zan ce kada abin ya ci wanda ya fi shi girman jiki da fiye da aji ɗaya, ba na son ganin an yi wa dodo mai girman gidan sama kisa da hannu ɗaya a mataki na 3.

Maki biyun kariya na mataki na 6 cire su, abu ne da ake rubutawa a takarda a manta. Sa kirari a wurin. Da an fara faɗa ya ɗaga hannu ya yi kirari ya samu jinin aro, wato ƙarin makin rai na ɗan lokaci, daidai da matakinsa, kuma ya riƙa ƙara hikimarsa in zai tsorata mutum da baki. Wannan zai yi masa amfani ko a kasuwa ko a fada ba sai fagen daga ba, in kuma akwai mawaƙi a ƙungiyar zai ji daɗi, ɗan dambe ba makaɗi ai rabin mutum ne, ka taɓa ganin an shiga fili ba kalangu?

Na 11, suma ba jifar tsira, a'a. Na san zuciyarka za ta ce ka yi wani abu da turmi na uku, ƙarfinsa ya ninka a zagaye na uku, yana da daɗin ji amma littafin mai jan wasa na 2014 da kansa a kan zagaye ukun farko yake auna ɓarnar dodo, faɗa da yawa kafin nan an gama, sai ya zama kyautar da ba a cika gani ba. Gara ka ce duk wanda ya kayar ki ɗaya ya dawo masa, sau ɗaya a juyi, kuma ka ƙayyade adadi tsakanin hutu da hutu daidai makin ƙwarewarsa, in ba haka ba sai wani ɗan wayo ya riƙa kayar da jakin ƙungiya yana cika aljihu.

Na 17 kar ka ɓata dare a kansa, teburi kaɗan ne ke kaiwa can. Ma'auninka Quivering Palm, dabarar Open Hand ta mataki na 17, ki uku, kuma duk da haka ana ba da jifar tsira, wanda ya tsira ya sha 10d10. Kar naka ya wuce nan.

Abin da ba ka faɗa min ba shi ne da wane bugu teburinku ke wasa. In na 2024 ne lissafin nan ya canza, naushi daga d6 yake farawa, Stunning Strike sau ɗaya ce a juyi, kuma Deflect Attacks tana rage dukan kusa tun mataki na 3, wato garkuwar da na ba ka ta zama maimaici sai ka sake mata aiki. Rubuta bugun a saman takarda. Kowace doka kuma ta faɗi yaushe ake yinta, nawa ake biya, sau nawa, yaushe take ƙarewa, naka na mataki na 11 bai faɗi lokacin da sumar za ta ƙare ba sam.

Sai ka gina shi a mataki na 3 da 5 da 11, ka gina Open Hand a gefensa da lambobi iri ɗaya, ka miƙa wa wani ya buga kai ka yi shiru ko ya fahimce shi a karkace kar ka gyara masa, ka dai rubuta wurin da ya tsaya yana sake karantawa. Abin da nake so ka ƙirga min shi ne sau nawa ya zaɓi garkuwa, in bai taɓa zaɓarta ba ƙara mata kafin ka sake turo min.