Adireshin IP na ƙarewa a rassanmu: zan iya lura da su daga nesa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ke kula da kwamfutoci da intanet na wata makaranta mai zaman kanta. Babban ofishinmu yana Zariya, muna da reshe a Funtuwa da wani a Kaduna. A Zariya Windows Server ne ke raba adireshi, a rassan biyu kuma rautar MikroTik ce. Kowane wuri /24 guda muka ba shi. Kusan kowane mako sai an kira ni cewa wayoyi sun kama Wi-Fi amma babu intanet, in na je in tarar adireshi sun ƙare, alhali mutanen da ke wurin ba su kai 150 ba. An ce mini SNMP zai nuna mini wannan ina zaune. Ta yaya? Kuma zan iya ƙara adireshi ko canza sabnet ta cikinsa? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gani kam za ka gani kana zaune a Zariya. Gyara kuwa, ina ba ka shawara ka bi ta wata hanyar, zan faɗi dalili a gaba. Amma tun kafin ka girka komai, lissafin da ka kawo ya riga ya nuna inda gizo ke saƙa. Adireshin IP dai lamba ce da kowace na'ura ke buƙata kafin ta shiga intanet, sabnet kuma rukunin adireshin da aka ware wa wuri guda ne, /24 ɗin da ka ce shi ke nuna girmansa.

A /24 akwai adireshi 256. Na farko sunan sabnet ɗin ne, na ƙarshe na shela ne ga kowa, saura 254. Cire na rauta, da na firinta, da kyamarori, da na'urorin Wi-Fi, a ce rumbun da DHCP (tsarin da ke raba wa na'urori adireshi kai tsaye) ke rabawa ya rage 230. Mutum 150 ba na'ura 150 ba ne: malami yana da waya da laftof, wani wayarsa biyu. Sannan DHCP aro yake bayarwa na wa'adi, kuma mafi yawan wayoyi ba sa sallama idan za su tafi. Windows Server, in ba ka taɓa shi ba, kwana 8 yake ba kowace na'ura. Kamar mai masauki ne da ya rubuta wa baƙo ɗaki na kwana takwas, baƙon ya sha ruwa ya wuce da azahar, ɗaki na nan a kulle da sunansa. Mahaifin da ya zo biyan kuɗin makaranta ranar Litinin ya kama Wi-Fi na minti goma, adireshinsa na riƙe har Talata ta sama.

Akwai ƙarin abin da ya tsananta lamarin. Tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi kan ƙirƙiri lambar MAC (lambar shaidar na'ura, wadda DHCP ke gane ta da ita) daban ga kowane sunan Wi-Fi. Idan kana da sunaye biyu, na malamai da na baƙi, duk suna ɗiba daga rumbu ɗaya, waya guda da ta shiga duka biyun ta ci adireshi biyu. Alamar da za ka gani a laftof mai Windows idan rumbu ya cika ita ce adireshi mai farawa da 169.254. Kwamfutar ce ta ba kanta da ta nema ba ta samu ba.

To, SNMP. Tsohuwar yarjejeniya ce ta tambayar na'urori halin da suke ciki daga nesa, tun 1988 take. A cikin rauta ko suwic (akwatin da ake jona na'urori da kebul) mai goyon bayan SNMP akwai ɗan shiri mai sauraro a ƙofa mai lamba UDP 161. Kwamfutarka ta sa ido tana tambayarsa da lamba, shi kuma ya ba ta amsa. Kowane bayani yana da lambarsa mai ɗigo-ɗigo da ake kira OID, littafin da ya bayyana ma'anar lambobin kuma shi ne MIB. Abin da ya fara da 1.3.6.1.2.1 na kowa da kowa ne, abin da ya fara da 1.3.6.1.4.1 na kamfanoni ne: Cisco 9, Microsoft 311, MikroTik 14988.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne babu MIB guda da aka amince da shi don sabar DHCP. IETF, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin intanet, ta yi daftari, bai kai ga zama ƙa'ida ba, kowane kamfani ya kama gabansa. Saboda haka tambayar "adireshi nawa suka rage" kowace na'ura da yadda ake yi mata.

A MikroTik, shiga ka buga `/ip pool print oid`. Zai ba ka lambobi na kowane rumbu: sunansa, jimillarsa, da yawan waɗanda aka ɗauka. Sun ajiye su ne a teburin da aka tanada don ma'ajiyar bayanai, ƙarƙashin 1.3.6.1.2.1.25.2.3, shi ya sa wasu manhajojin sa ido ke nuna rumbun adireshi a jerin faifai kamar wani diski ne ya cika. Kada hakan ya ruɗe ka, lissafin daidai ne. Akwai kuma 1.3.6.1.4.1.14988.1.1.6.1.0 mai ba da jimillar aron DHCP, sai dai na rautar baki ɗaya ne, ba ya rarrabe rumbu da rumbu. A Windows, teburin da ke ƙarƙashin 1.3.6.1.4.1.311.1.3 yana nuna wa kowane sabnet yawan waɗanda ke hannu da waɗanda suka rage. Amma SNMP na Windows ya tsaya a siga ta 1 da 2c, Microsoft ma ta daina bunƙasa shi tun Server 2012. Ni da ni ne, a can sai in yi amfani da `Get-DhcpServerv4ScopeStatistics` na PowerShell, wurin buga umarni na Windows, in tura sakamakon ga manhajar sa ido.

Yawan aron da DHCP ya bayar lamba ɗaya ce, kuma ita kaɗai ba ta isa ba. Abin da DHCP ya rubuta daban, na'urorin da ke haɗe a zahiri daban. Lamba ta biyu tana cikin teburin ARP na rauta, inda take haɗa kowane adireshin IP da lambar MAC ta na'urar da ta yi magana da ita kwanan nan. Ana karanta shi a 1.3.6.1.2.1.4.22, ko a sabon teburin 1.3.6.1.2.1.4.35 wanda ya haɗa da IPv6, sabon tsarin adireshi. Gwada da umarnin `snmpwalk`, mai karanto tebur ta SNMP, ka ga jerin da idonka. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita ce za ta gaya maka maganin da za ka sha. Idan DHCP ya ce 228 cikin 230 sun fita, ARP kuma yana ganin 110, sabnet ɗinka bai yi kaɗan ba, wa'adin aro ne ya yi tsawo. Idan duka biyun suna sama da 200 da ƙarfe goma na safe, to da gaske wuri ya yi muku kaɗan. Idan kuwa ka ga adireshi a ARP wanda ke cikin rumbu amma DHCP bai san da shi ba, wani ne ya rubuta wa na'urarsa da hannu, kuma ranar da aka ba wani shi za a yi karo. Don gano mai shi, bi lambar MAC ɗin zuwa teburin suwic a 1.3.6.1.2.1.17.4.3, zai kai ka ga ramin da aka jona kebul ɗin. A suwic mai VLAN, wato wanda aka raba gida-gida, teburin Q-BRIDGE za ka duba.

Hattara da abu guda: rashin ganin adireshi a ARP ba ya nufin babu mai shi. Teburin yana mantuwa. Rautar Cisco tana riƙe shigarwa awa 4, suwic kuma yakan manta MAC bayan daƙiƙa 300 na shiru, wasu na'urorin ma sun fi haka saurin sharewa. Firintar da aka kashe tun hutun zango ba za ta bayyana ba. Sai ka tara tarihi na makonni kafin ka ce adireshi kaza babu kowa. Nan ne phpIPAM, manhajar ajiye rajistar adireshi, ke da amfani, don yana ajiye ranar da aka ga kowane adireshi na ƙarshe. Zane da faɗakarwa kuma manhajojin sa ido irin su Zabbix ko LibreNMS sun wadatar, duka kyauta ne, tsohuwar kwamfuta mai Linux za ta ɗauke su. Tambaya duk minti 5 ta isa. Sa gargaɗi a kashi 80 cikin ɗari, na gaggawa a 90.

Za ka ji ana maganar RMON, wanda ke ba na'ura damar lura da wata lamba da kanta ta aiko da saƙo ta ƙofar 162 idan ta haura iyaka. Dabara ce mai kyau a manyan suwic, amma saƙon nan sau ɗaya ake jefa shi ba a jiran amsa. In ya zo daidai lokacin da layin Funtuwa ya yanke, ya tafi ke nan. A wurin da wuta ke ɗaukewa, tambaya a kai a kai ta fi aminci. Ka kuma sa faɗakarwa a kan shiru kansa, reshen da ya yi minti 15 bai amsa ba a sanar da kai. Ka riƙa karanta 1.3.6.1.2.1.1.3 ma, wato tsawon lokacin da na'ura ta yi a kunne. In ya koma sifili ka san rauta ta mutu ta tashi, kuma hakan kan bayyana faɗuwar lambobi kwatsam a zanenka.

Batun tsaro ba na wasa ba ne. A siga ta 1 da 2c kalmar shiga tana tafiya a fili, kuma na'urori da yawa da kalmar `public` suke zuwa. Wanda ya karanta teburin ARP ɗinka ya samu taswirar gidanka. Yi amfani da siga ta 3, wadda ta zama cikakkiyar ƙa'ida a 2002, ka kunna tantancewa da SHA da ɓoyewa da AES. MikroTik yana da ita. Kada ka buɗe ƙofar 161 ga intanet ko da wasa. Haɗa rassan da Zariya ta VPN, wato ɓoyayyen rami a cikin intanet. RouterOS 7, manhajar da ke tafiyar da MikroTik, yana da wani nau'insa mai suna WireGuard a ciki. Idan layin reshe na kamfanin waya ne, mai yiwuwa adireshin da aka ba ku na tsakanin 100.64 da 100.127 ne, wanda ba a iya kira daga waje, don haka reshen ne zai kira babban ofis. Kuma dole kowane wuri ya zama da lambar sabnet tasa. Idan duka ukun 192.168.88.0 ne yadda MikroTik ke zuwa, ramin VPN ba zai san inda zai kai saƙo ba.

Tambayarka ta biyu: SNMP yana da umarnin rubutu, amma kaɗan ne cikin na'urori ke yarda a canza rumbu ta nan, kuma ba ya barin kyakkyawan tarihin wanda ya canza me. Bar shi a karatu kawai. Gyara ka yi ta SSH ko Winbox, hanyoyin shiga rauta daga nesa, a cikin VPN, kuma a MikroTik ka kunna Safe Mode kafin ka taɓa adireshi, don in ka yanke kanka ya mayar da saitin baya ba sai ka hau mota ba.

Fara da rage wa'adi: Wi-Fi na baƙi da ɗalibai awa 2, kwamfutocin ofis kwana 1. Na'ura tana sabunta aronta idan rabin wa'adi ya cika, don haka wanda ke wurin ba zai ji komai ba. Tsofaffin aron kuwa suna nan har su ƙare, sai dai ka share su da hannu bayan an tashi. Idan bayan mako biyu ARP na nuna cunkoso, raba ɗalibai zuwa VLAN nasu da /23, mai ɗaukar 510. Lura cewa /23 daga lamba mai rabuwa biyu yake farawa: 192.168.10.0/23 ya haɗa 10 da 11, ba za ka iya haɗa 11 da 12 ba. In kuma faɗaɗa na yanzu ka zaɓa, duk firinta da kyamarar da aka rubuta wa adireshi da hannu sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka mayar da abin rufinsu (subnet mask, lambar da ke gaya wa na'ura girman sabnet) 255.255.254.0, in ba haka ba sababbin na'urori za su riƙa samun matsalar isa gare su.