Diyyar rauni a Ingila: amsa ga Yaya

Yaya, ka tambaya ko da gaske mu Hausawan Ingila mun daina cewa "na yafe" idan mota ta buge mu. Ba mu daina ba. Sai dai a nan, in ka yafe, kamfanin inshora ka yafe wa.

Doka ta tilasta wa duk mai tuƙi ya yanki inshora, masu ɗaukar ma'aikata ma an ɗora musu haka tun dokar 1969. Daga can diyya take fitowa, ba wanda za a sayar da gidansa ko gonarsa. Abin da zai iya samun direban shi ne kuɗin inshorarsa ya ƙaru baɗi. Ko guduwa ya yi, ko ba shi da inshora, akwai hukumar MIB, wadda kamfanonin inshorar motoci suka kafa, da ke biya.

Shi ya sa dubiyarmu ta ɗan sauya. Ana zuwa da kwanon tuwo, a yi "sannu, Allah ya kiyaye gaba", sannan wani dattijo ya gyara zama ya ce: ka rubuta lambar motar? Likita ya gan ka a ranar? Ina rasit ɗin tasi da na magani? Mutanenmu akwai kunya, ka ji mutum yana "da sauƙi" alhali ba ya iya ɗaga hannu. In ya faɗi haka a gaban likita, haka za a rubuta, kuma da rahoton likita ake auna diyya. Wannan yana damuna ƙwarai, domin masu aikin ƙarfi ne suka fi cutuwa.

Diyyar kashi biyu ce: ta raunin da azabarsa, da ta asarar da aka ƙirga, kamar albashin watannin jinya. Wa'adin shigar da ƙara shekara 3 ne, na yaro kuwa sai ya cika 18 ake fara ƙirgawa. Yawancin lauyoyi ba sa karɓar ladan aiki sai an yi nasara, kuma akwai iyakar kashi 25 cikin 100 a kan abin da za su cira. Galibi ma ba a zuwa gaban alƙali, sasantawa ake yi.

Wanda ya ƙirƙiri ciwo kuwa, dokar 2015 ta ba kotu ikon soke ƙarar baki ɗaya, har da ɓangaren da yake da gaskiya. Irin wannan ba ma raka shi wurin lauya.